Kirsimeti a Wusasa: Labarin Komawata Gida

Tun shigowar watan Disamba Gwaggo ta hana ni sakat. Ba ta rubutu a waya, sai dai ta sa jikarta ta danna mata ita kuma ta yi magana, kuma kullum maganar ɗaya ce: "Babana, bana ma a Abuja za ka yi Kirsimeti? To, zumunci dai a ƙafa yake." Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa tun da na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Rabona da Wusasa, garinmu da ke gefen Zariya, tun jana'izar Kaka. Iyayena sun koma Jos da zama bayan Baba ya yi ritaya, ni kuma aiki ya riƙe ni a Abuja, har garin da na tashi ya zama wurin da nake ba da labarinsa kawai. Da aka ba mu hutun ƙarshen shekara a ofis, na ce bana kam sai gida.

Jirgin ƙasa na zaɓa. A intanet ake sayen tikiti, sai ka sa lambarka ta katin ɗan ƙasa, kuma a irin wannan lokaci in ka yi nawa kaɗan kujeru sun ƙare. Na sami ta masu ƙaramin ƙarfi a kan naira 3,600. Motar da ta ɗauko ni daga Lugbe zuwa tashar Idu kuɗinta ya fi na jirgin. A bakin shiga aka duba tikiti, aka sa jakunkuna a na'ura, sannan muka zauna jira cikin hazon hunturu, kowa da tsarabarsa.

Wanda na zauna kusa da shi wani dattijo ne mai farin gemu, da carbi a hannu. Jirgi na motsawa ya karanta addu'ar tafiya a hankali ya shafa. Ni ma ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. A gidanmu ba a fita tafiya haka kawai. Ko Kaduna za a je, sai Kaka ta tara kowa a tsakar gida an durƙusa, ta karanto Zabura ta 121 da ka, wadda take maganar Ubangiji mai tsaron fitar mutum da shigarsa. Mu yara mun ƙosa a tashi, direba yana ta danna hon a waje, ita kuwa ba ruwanta, sai ta ambaci kowa ɗaya bayan ɗaya, har da direban da ba ta san ko ɗan gidan wa ba ne. Da na rufe ido a cikin jirgin sai na tarar zaburar tana nan a kaina daram, ko aya ɗaya ba ta zube ba.

Bayan mun wuce Kubwa da Jere hira ta yi ta raguwa. Da muka shiga dajin da ke tsakanin Katari da Rijana, taragon ya yi tsit. A nan ne ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka dasa bam a kan layin, suka buɗe wa jirgi wuta cikin dare, suka kashe mutane, suka kwashe wasu da dama zuwa daji. Na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka fito, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Kowa a taragon ya san da wannan, ba wanda ya ambata. Ina kallon busasshiyar ciyawa ta taga, ina tunanin waɗanda abin ya rutsa da su, su ma ai sun yi addu'a kafin su taso, wasu da Fatiha, wasu cikin sunan Yesu. Wannan tunani ya daɗe yana cin raina. Ina yaro na ɗauka in Kaka ta yi addu'a magana ta ƙare, ba abin da zai same mu. Yanzu na san mutanen kirki da suka yi addu'a suka fita ba su dawo ba. Duk da haka bakina bai daina motsi ba har muka fita daga dajin.

Dattijon ne ya katse mini tunani, ya miƙo mini dabino.

"Samari, ina aka nufa?"

"Zariya, Baba."

"Birni ko Sabon Gari?"

"Wusasa."

Ya dube ni, ya dubi hulata, ya yi murmushi. "Af, ashe ɗan Mishan ne. Ai ɗana na fari a asibitinku aka haife shi. Uwar ta sha wuya, cikin dare muka kawo ta daga Giwa. Allah ya saka wa mutanen nan da alheri."

Maganar nan ta sanyaya mini rai ƙwarai. A Abuja in na ce ni Bahaushe ne kuma Kirista, sai an sake tambaya: to amma mene ne ainihin yarenku? Abokan aikina 'yan Kudu suna ganin wasa nake yi, wasu 'yan Arewa kuma suna ganin akwai wani yare da nake ɓoyewa. Ba ni da wani yare. Da Hausa aka yi mini baftisma, da ita aka yi mini faɗa, da ita na haddace Addu'ar Ubangiji. Wannan tsoho bai nemi wani bayani ba, don ya san mu tun ba a haife ni ba.

Mun sauka Rigasa da yamma lis. Da ma na shirya kwana a Kaduna, don ba na son bin hanyar Zariya da dare, ga kuma wani abokina tun na jami'a a Sabon Tasha da ya daɗe yana ƙorafin ba na leƙo shi. Daga Rigasa zuwa can sai an yi ta canjin abin hawa, kuɗin ya tasam ma naira 1,500. Duk wanda ya san Kaduna ya san abin da gadar kogin nan ta zama. Tun rikicin shekarar 2000 da na 2002 mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi suka tattara a arewacin kogi, Kirista suka koma kudu, har wasu suna kiran ɓangarorin Makka da Urushalima. Baba yakan ba mu labarin cewa a Tudun Wada ya yi zaman samartaka, ɗaki ɗaya da wani Bakano, tukunya ɗaya. Yau da wuya ka sami wanda zai ba ɗansa shawarar haka.

A Rigasa ni ɗan gida ne: kaftani, hula, Hausar Zazzau. Ɗan Keke har yana tambayata ko zan tsaya in yi Magariba kafin mu wuce. A Sabon Tasha kuwa, inda kowane lungu waƙar Kirsimeti ke tashi a lasifika, da na sauka na tsaya jiran abokina a bakin titi sai na lura da idanun da ke bina. Ba wanda ya ce mini uffan. Amma na ji a jikina, hular da ta sa aka saki jiki da ni a can ita ce ta sa ake ɗari-ɗari da ni a nan, a tsakiyar 'yan'uwana masu bi. Ban ga laifinsu ba, kowa da abin da idonsa ya gani a garin nan. Abin dai ya yi mini ciwo.

Mahaifiyar abokina ta wanke mini wannan ciwo. Bajju ce, ta tarbe ni da "sannu ɗana, sannu da hanya", ta ajiye mini tuwon acca da miyar karkashi. Wuta ta ɗauke, aka kunna fitilar caji, kafin a kwanta ta tara gidan don addu'ar dare. Littafi Mai Tsarki na Hausa ta buɗe, da Hausa aka yi waƙa, da Hausa ta roƙi Allah ya kai ni lafiya. Haka abin yake a majami'un ECWA da COCIN da EYN tun daga Kafanchan har Mubi, ƙabilu barkatai, amma in an zo sujada Hausa ce take haɗa su. A falo na kwana a kan katifa, tare da ƙannensa maza.

Washegari da sassafe na tsallaka Kawo. Ƙananan motoci ke lodin Zariya, huɗu a baya biyu a gaba, naira 2,500 kowa, 'yan kamasho suna cewa ai lokacin biki ne. Titin ya yi kyau tun da aka sake shi, tafiyar kilomita wajen 80 ba ta da wahalar da na sani a da. Maraban Jos da Birnin Yero muka wuce ba wani labari. Wajen Jaji aka tsayar da mu a shinge, wani jami'i ya leƙo ya ƙare mana kallo, ya sa aka buɗe but, ya ga kaji a ɗaure da buhun barkono, ya ce Allah ya kiyaye hanya. A wani shingen can gaba direba hannu kawai ya miƙa ta taga, ko birki bai taka sosai ba. Gonaki duk an girbe, sai kara, sai tulin rake a bakin hanya.

Na sauka a Ɗan Magaji na hau acaba, naira 300. Da duwatsun nan suka bayyana cikin hazo, na Wusasa da na Kufena, sai da ƙirjina ya buga.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Filin da muke buga ƙwallo ya zama jerin shaguna, ga mai POS, ga mai cajin waya. Bishiyar mangwaron da ke ƙofar gidanmu an sare ta saboda wayar wuta. Yaran da na tarar a zaure suka gaishe ni gaisuwar baƙo, ɗaya ta ruga ciki tana cewa, "Kaka, ga wani mutum yana sallama." Sai ga Gwaggo ta fito da muciya a hannu, ta rangaɗa guɗa. "Babana ne! Kai, Ubangiji na gode maka!" Na durƙusa na gaishe ta, ta dafa kaina, ta ce na rame, wai a Abuja ba a cin abinci ne? Kafin in cire takalmi an kawo mini faten tsaki da zafinsa, ya sha yakuwa da gyaɗa. Kanawa su yi ta tsokanarmu da fate, ni dai duk gidajen abincin Abuja ban ci abin da ya kama ƙafar wannan ba.

Ɗakin Kaka yanzu rumbu ne, buhunan masara da waken suya har kusa da rufi. Ƙusar da take rataye jakarta ta zuwa majami'a tana nan a bango. Na tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba. Ɗakin da nake gani wani babban wuri, inda mu jikoki muke kwana a jere tana yi mana tatsuniyar Gizo ta zarce da labarin Yusufu da 'yan'uwansa ba tare da ta canza murya ba, ashe taku kaɗan ne faɗinsa. A shagon da ke jikin zaure aka yi mini shimfiɗa. Sanyin Zariya na Disamba ba ya wasa, bargo biyu na rufa. Da asuba kiran salla ya taso daga masallatan da ke kewaye, can an jima ƙararrawar majami'a ta biyo baya, yadda na saba ji tun ina ɗan ƙarami.

Da hantsi Baffa ya ja ni zuwa tsohuwar majami'ar St. Bartholomew. Tsohon malamin makaranta ne, kuma ba ya gajiya da ba da tarihin garin nan. Ginin ƙasa ne, na tubali da azara, magina Hausawa suka ɗaga shi a 1929, rufinsa da bakan gizo irin na soron sarakuna. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na birnin Zazzau, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina, zai gane sana'ar ɗaya ce. Kaurin bangon ya sa ko rana ta take ciki da sanyi, kuma ƙanshin ƙasar nan shi ne ƙanshin Makarantar Lahadi a wurina.

Baffa ya faro daga farko, kamar ban taɓa ji ba. Likita Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zo tare da Bishop Tugwell a 1900, suka kai har Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito, suka yada zango a Girku. A 1905 Miller ya shiga birnin Zariya ya buɗe makaranta da ɗakin magani, a 1929 kuma Mishan ta fito bayan ganuwa ta zauna a Wusasa. Shi Miller ya duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Daga nan Baffa ya ɗaga yatsa, wurin da ya fi so ke nan. "Ɗana, kada wani ya ce maka Bature ne ya fara sa mana ƙaunar Isa." Ya ba ni labarin Malam Ibrahim, malamin Kano na ƙarni na 19 wanda karatunsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa, aka kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa da ake kira Isawa suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Miller, aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. Ta wajen Kaka, in ji shi, daga can muka fito.

Sai lissafin manya. Dakta Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, wanda babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu, da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje zamanin Shagari. Janar Yakubu Gowon, da ya tashi a nan inda mahaifinsa ke aikin bishara, ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Muna yara in Baffa ya fara wannan lissafi sai mu riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu da na zauna a inda kullum ake ce mini irina babu su, na gane abin da ya sa yake maimaitawa. Mu kaɗan ne, in ba mu faɗa wa 'ya'yanmu ba, ba wanda zai faɗa musu. Kafin mu fito ya shafa bango ya ce abin da ke damunsa shi ne maginan da suka iya yaɓe da ɗaurin azara suna ƙarewa, yaran yanzu bulo kawai suka sani.

Daga nan muka biya maƙabarta. Na cire ciyawar da ta bushe a kan kabarin Kaka, Baffa ya yi gajeriyar addu'a, muka dawo.

Jajiberin Kirsimeti gidan ya kacame. An yi watanda a unguwa, kason Gwaggo ya iso a cikin daro. Mata na suyar cincin da nama, 'yan mata an baje ana kitso, wani yaro yana kuka don tela bai gama masa kaftani ba, kukan da ni ma na sha yi a wannan tsakar gida. Kajin kuwa, kamar kullum, wani maƙwabci Musulmi aka kira ya yanka, don kada a kai wa kowa abincin da zai ji nauyin ci. Da dare muka tafi kallon wasan haihuwar Yesu na yaran Makarantar Lahadi. Ba abin da ya canza. Maryamu da mayafin uwarta, makiyaya da sanduna da malafa, mala'ika an naɗe shi da farin zane, Hiridus kuwa sarki ne sosai, da babbar riga da rawani da dogarai suna "hattara, ranka ya daɗe". Da ya daka wa masanan taurari tsawa sai majami'a ta ɗauki shewa. Ni makiyayi nake fitowa a zamaninmu, kuma akwai shekarar da na ci kyautar haddar aya, sabulu da fensir, na kai wa Kaka ta ajiye sabulun ta ƙi a yi wanka da shi.

Ina zaune a layin manya ina dariya, sai wani abu ya tsaya mini a wuya. A wancan lokaci kome yi mini ake yi. A tashe ni, a yi mini wanka da ruwan zafi, a shafe ni da basilin, a danƙa mini kuɗin baiko a ce kada in sayi alewa da shi, a kama hannuna har bakin majami'a. Bangaskiya ta zo mini a haɗe da ƙanshin sabuwar shadda da soyayyen nama da muryar Kaka, ban taɓa sanin inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. A Abuja majami'ar da nake zuwa babba ce, da Turanci ake kome, ga majigi ga kayan kiɗa, wa'azin ma yana da ma'ana, ba zan raina shi ba. Amma in na yi wata ban je ba, ba wanda zai sani. Na daɗe ina ce wa kaina ina kewar kusancin da nake da shi da Allah lokacin ƙuruciya. A daren nan na tambayi kaina tsakani da Allah: shi nake kewa, ko Kaka?

Ranar Kirsimeti majami'a ta cika har waje. Zumuntar mata suka fito da ankonsu, da tulu da kacau-kacau, suka ja waƙa ana amsawa, tsofaffi suna guɗa. Da rawa aka kai baiko, layi-layi, maza da manyan riguna suna taku a hankali. Wurin Jibin Ubangiji na durƙusa kusa da malamar da ta koya mini karatu a aji ɗaya, hannunta yana rawa saboda tsufa. Da muka tashi ta dube ni ta kira ni da sunan mahaifina.

Bayan sujada aka shiga rabon abinci. Wannan aikin yara ne, da mu muke yinsa, muna tafe da kwanukan shinkafa da miya a ka muna lissafin goron Kirsimeti da za a ba mu. Bana na ce ni zan kai na gidan Hajiya, tsohuwar da ke bayan layinmu. A rikicin 1987, wanda ya taso daga Kafanchan ya iso Zariya aka ƙona majami'u, a ɗakin matar nan Gwaggo ta kwana da 'ya'yanta. Na yi sallama na durƙusa, ta ƙura mini ido, sai ta tafa hannu. "Jikan Mama ne? Kai, girman ɗan mutum ba wuya. Allah ya maimaita mana, Allah ya jiƙan tsohuwa." Ta tambayi Baba da Mama, ta tambaye ni maganar aure, ta kwance bakin zane ta ba ni naira 200 ta ce goron biki ne, ba a mayarwa. Gwaggo ta ce cikin sababbin maƙwabta akwai waɗanda suke dawo da kwano yadda aka kai shi. Ba ta fushi, kuma ba ta fasa aikawa.

Da dare, baƙi sun watse, muka rage ni da ita a bakin murhu tana juya sauran nama. Na yi ta juya maganar a raina kafin in fito da ita.

"Gwaggo, kin taɓa yin addu'a ki ji kamar ke kaɗai kike magana?"

Na zaci za ta yi salati ta hau ni da faɗa. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shekara nawa kake so in ƙirga maka?" Ta ce bazarar da ƙyanda ta ɗauke mata yara biyu, ta fi shekara tana zuwa majami'a ba ta iya buɗe baki. Ranar Lahadi Kaka ce take zuwa ta ja hannunta kamar ƙaramar yarinya. Matan zumunta kuma kowane mako sai sun zo, su yi mata daka, su ɗora tukunya, su zauna su yi waƙa tana kallonsu. "Su suka yi ta yi mini waƙar har nawa bakin ya buɗe. Babana, mara lafiya ba ya jin daɗin tuwo, amma in ya ce sai ya ji daɗi zai ci, ai sai dai a ɗauki gawarsa. Ka dai yi ta ci." Ta yi shiru, sannan ta juyo ta dube ni. "A can inda kake, wa kake da shi da zai zo ya ja hannunka?"

Na lissafa abokan ofis, na lissafa maƙwabtan da ko sunayensu ban gama sani ba. Na ce mata babu.

Washegari na bi yaran gidan muka hau dutse, al'adar da ba ta mutu ba, kowa da lemo da biskit a leda. Daga sama ana ganin rufin asibitin St. Luke, da Kwalejin Kufena wadda a da ake kira St. Paul, birni kuma hazo ya lulluɓe shi. Yaran suna tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, ni ina bin su a hankali ina ce musu su kula, kalmar da a da mu ake faɗa wa.

Ana gobe zan tafi na roƙi Gwaggo ta ba ni Littafin Waƙoƙin Kaka, wanda bangonsa ya mutu aka ɗinke shi da zare, in tafi da shi in ajiye. Ta ce a'a. "Wannan ba na ajiya ba ne, da shi yarinyar nan take zuwa waƙa a majami'a. In waƙa kake so ka yi, je ka sayi naka." Raina bai so ba, amma da yamma na ga jikar tata ta fito da shi a hammata za ta wurin koyon waƙa, sai na ga Gwaggo ta fi ni gaskiya. Na aiki yaro ya sayo mini sabo, naira 2,000.

Tikitin jirgi ya ƙare, don haka ta mota na dawo. Da asuba Gwaggo ta tara gidan a tsakar gida muka durƙusa, ta ɗora mini ƙullin daddawa da kuka da mazarƙwaila, ta ce akwai wata 'yar zumuntarsu da ta zo biki daga Abuja, in bi ta mu shiga mota ɗaya in taya ta da kaya. Naira 10,000 muka biya kowa. Daga Kaduna zuwa Abuja hanyar ana kan aikinta, nan a karkata hannu ɗaya, can a shiga ƙura, ga shingayen sojoji wajen Rijana da Katari, ga tireloli sun cushe Tafa. Wani fasinja ya yi ta mitar warin daddawa har direba ya tsaya ya mayar da ƙullin but. Matar kuwa tun daga Jaji take yi mini tambayoyi, ina nake zaune, wace majami'a nake zuwa, wa nake ci da shi ranar Lahadi. Ta ce a Karu suke, kuma suna da sujadar Hausa da sassafe, akwai 'yan Wusasa da na Malumfashi da na Kano a ciki. A Zuba da za mu rabu ta karɓi lambata.

Daga baya jikar Gwaggo ta faɗa mini ashe tun ranar Kirsimeti a bakin majami'a Gwaggo da matar suka ƙulla maganar, kafin ma in yi wa Gwaggo tambayata. Ranar Asabar da dare wayata ta yi ƙara. "Ɗan gidan Gwaggo, gobe ƙarfe bakwai ne fa. Daga Lugbe sai ka shiga mota biyu, ka fito da wuri. In ban gan ka ba Wusasa zan kira."